Musaya a Kan Dutsen Bakin Rafi

Mahaifina mai gyaran agogo ne. Yana da ɗan tebur mai murfin gilashi a bakin titi a Makera, gefen rumfar wani mai facin keke, kuma yawancin masu kawo masa aiki ma'aikatan masaƙun Kakuri ne, waɗanda in agogonsu ya yi musu ƙarya sai su tarar an rufe ƙofar shiga. Ɗaki biyu muke haya a wani gida mai mutane da yawa: Baba, da Inna, da ni, da ƙanwata da ke goye. Shekarata tara a daminar da sojoji suka shirya miƙa mulki ga farar hula. Duk bangon da ka duba a unguwar hotunan 'yan takara ne, an liƙa wani a kan wani, ruwa yana dukansu suna saɓulowa.

Ni tun tasowata 'yar tsana ba ta gabana. Ƙwari nake so, da ganyaye, da duwatsu, da duk abin da ke motsi a ƙarƙashin randa in an ɗaga ta. Inna ta sha kwance bakin zanena wajen wanki ta ci karo da buzuzu ko ƙoƙi-ƙoƙi, ta daka tsalle tana salati.

"Malam, ka yi wa 'yarka magana," haka take cewa. "Yau gyare na tsinta a cikin kwanon miya."

Baba sai ya yi murmushi. "Halittar Allah take kallo. Ki ƙyale ta, in dai ba mai harbi ta ɗauko ba."

A shekarar ƙaramar Sallah ta faɗo a tsakiyar damina. Wasu yaran gidanmu an tsallaka gada da su zuwa cikin gari an sayo musu motocin roba da 'yan tsana masu lumshe ido. Baba ba shi da halin wannan, kuma ya san ko ya saya ba zan waiwaya ba. Tun cikin azumi na ga yana tara gidajen ashana, har yana roƙon mai shayi ya ajiye masa. Ranar jajibiri ya kira ni ya miƙo mini abin da ya haɗa. Gidajen ashana ne goma sha biyu, ya manne su da ƙaro, huɗu-huɗu hawa uku, sun zama 'yar durowa. A goshin kowane gida ya soka kan tsohon agogo, ɗan abin nan da ake murzawa a saita lokaci, ya zama mariƙi.

"Daga yau nan ne gidan kayanki," in ji shi. "Kwanon Innarki ya huta."

Akwai kuma littafi. Hotunan 'yan takarar da ruwa ya kayar ya tsinto, ya shanya, ya yanka su daidai, ya ninka farin bayan ya dawo waje. Inna ce ta ɗinke bakin da allura da baƙin zare, tana yi tana mita. In ka leƙa tsakanin shafi da shafi sai ka ga rabin hular wani ko idon wani yana kallonka. Ya ce in riƙa matse ganye a ciki, in kuma zana abin da na gani. Ya lanƙwasa waya ya ɗaura mata yankin tsohon gidan sauro a kan sanda, don kamun malam-buɗe-littafi, amma wannan bai yi mako biyu ba ƙaya ta keta shi.

Na ƙarshe shi ne wanda har yau in na tuna nake jin sanyinsa a fatar idona. Tsohon gilashinsa ne na aiki, wanda yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo. Gefensa ya tsage, shi ya sa ya daina amfani da shi. Ya nuna mini yadda zan matse shi da gira da kunci, sannan ya ɗora tururuwa a kan farcensa ya ce in duba. Na ga fuska. Tana da ido, tana da baki mai buɗewa ta gefe kamar almakashi, da gashi tsaye a goshinta. Na yi ƙara na ja da baya, gilashin ya faɗo a cinyata. Sai kuma na ɗauka na sake sawa.

Bayan layin dogo akwai wata 'yar hanya da ke gangarawa zuwa lambuna, inda wani rafi yake bi ya tafi ya faɗa kogi. Can Inna take aikena sayen alayyafo da kuɓewa in na taso daga makaranta, da sharaɗi ɗaya: kada in kuskura in doshi kogin. Yawanci wajen wani tsoho nake saye, dogo, mai malafa, Kirista daga kudancin Kaduna, wanda kowa ke kira Baba mai lambu. Ba ya magana. Ya yanko, ya ɗaure, ya miƙo, ya koma kan fartanyarsa. Ko fuskata ban ga ya taɓa ɗagowa ya kalla ba.

In ka wuce lambun ƙarshe, gamba ce ta fi tsayin mutum. Wata rana na bi wani malam-buɗe-littafi mai ruwan toka na kutsa ciki, sai na ɓulla a wani ɗan fili ƙarƙashin ɓaure, dab da rafin. A tsakiyarsa akwai baƙin dutse, shimfiɗaɗɗe, kamar faɗin tabarmar salla. Abin da na fara lura da shi shiru ne. A Makera ba a rabuwa da ƙugin masaƙa, dare da rana, har mutum ya daina jinsa. A nan babu shi. Kamar an toshe mini kunne da auduga. Sai ruwa kawai yana bin duwatsu a hankali.

A kan dutsen akwai ɗan ƙulli. Ganye ne mai faɗi, an naɗe shi an ɗaure da ciyawar tofa, an yi masa ɗauri mai kyau. Na duba gabas na duba yamma, ba kowa. Na kwance. Katantanwa ce guda uku, an wanke su tas, an jera daga babba zuwa ƙarama.

Na cusa a bakin zanena na kama hanya. Ban yi nisa ba zuciyata ta ce mini sata na yi. Na dawo. A aljihun rigar makarantata akwai wani ɗan faifai mai haƙora, ruwan zinariya, daga cikin matattun agogunan Baba. Na naɗe shi a ganyen nan, na ɗaure yadda na iya, na ajiye a inda na ɗauki nasu.

Bayan kwana biyu aka sake aikena. Faifan ba ya nan. A wurinsa akwai ƙayar beguwa, doguwa, baƙi da fari.

Haka muka fara, ni da wanda ban sani ba. Na ajiye ganyen da na matse har ya zama kamar leshi, na sami gashin wani tsuntsu shuɗi mai ƙyalli. Na ajiye fiffiken malam-buɗe-littafi, na sami ƙwan ƙadangare da ya ƙyanƙyashe, fanko, mai laushi kamar takarda. Na yago shafi daga littafina inda na zana fuskar tururuwa yadda na gan ta a gilashi, na danne shi da tsakuwa. Washegari na tarar da saɓar maciji, cikakkiya har da wurin ido, an naɗe ta kamar gammo. Gidajen ashanata suka fara cika. Ban gaya wa kowa ba. Na san in Inna ta ji an gama, kuma a raina na riga na yi ƙawa. Na ɗauka yarinya ce kamata, daga Kakuri ko ƙetaren rafin, wadda ita ma ake yi wa faɗa a gida saboda ƙwari.

Sai dai wurin bai taɓa sakin jiki da ni ba. Duk lokacin da na durƙusa gaban dutsen, ƙeyata takan yi nauyi, irin nauyin da kake ji in wani ya tsaya a bayanka bai yi magana ba. Na sha juyawa da sauri. Gamba ce kawai. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Ki fito mana, na san kina nan." Muryata ta fita ƙarama, ba ta ma kai bakin rafin ba. Ban ƙara gwadawa ba.

Wata Laraba aka kwana ana ruwa, aka wuni ana yi har azahar. Da ya ɗauke Inna ta aike ni. Rafin ya cika ya yi ja, yana jan karare da rassa, ya hauro har kusa da gindin ɓauren. Kwaɗi suna ta kuka ko'ina. Ina shiga filin suka yi tsit, dukkansu, lokaci ɗaya.

Abin da ke kan dutsen ranar ba a naɗe yake a ganye ba. Idon zakara ne, 'ya'yan itacen nan ja masu ɗigon baƙi, an huda su an shirya a zaren ciyawa an yi abin hannu. Ɗaurin bakinsa a karkace, ba irin wanda na saba gani ba. A jiƙe yake sharkaf, yana warin laka. Na zura hannuna, ya zauna mini cif kamar an gwada.

A lakar gefen dutsen akwai sawun ƙafa guda ɗaya, ba takalmi, yatsun suna fuskantar dutsen. Na cire silifas na sa ƙafata a ciki. Daidai. Na ce wa kaina ai nawa ne na shekaranjiya. Ina cikin faɗar haka na tuna irin ruwan da aka yi, wanda ko sawun saniya ba zai bari ba. Can gefen rafin gamba ta buɗe a hankali ta sake rufewa, ba iska. Na kwashi silifas a hannu na fita da gudu, ban ajiye komai ba. Sai da na hau layin dogo na ji ƙugin masaƙa ya dawo kunnena, na tsaya ina haki kamar wadda aka tsamo daga rijiya.

Na yi kwana biyar ina kauce wa wurin. Ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati ba makaranta. Maza sun taru a teburin mai shayi sun kewaye rediyo, wasu suna tafi, wasu suna musu. Ba wanda ya damu da inda wata yarinya ta nufa. Ƙafata ta kai ni.

Wannan karon farin ƙyalle ne, tsoho, an ɗaure da tofa da ɗaurin nan mai kyau da na sani. A ciki akwai katantanwa an toshe bakinta da auduga. Na zare audugar na karkata, wani abu ya gangaro tafin hannuna. Haƙori ne. Ɗan ƙarami, irin wanda yara ke zubarwa lokacin famfara. Na sa gilashi na duba. Ya yi ruwan ƙwai don tsufa, da siririyar tsaga a tsakiya, da ɗan baƙi a gindinsa inda jini ya bushe tun ba yau ba. Na bi haƙorana da harshe ɗaya bayan ɗaya. Duk suna nan.

Ban san abin da ya sa na tafi da shi gida ba. Ina ga tsoron barinsa ya fi tsoron ɗaukarsa. Na sa shi a gidan ashana na ƙarshe, na ƙasa daga dama.

Kwana uku bayan haka ashanar Inna ta ƙare tana shirin hura wuta. Ta tuna durowata, ta ce ko an manta da tsinke ɗaya a ciki. Ina tsakar gida na ji salatinta. Na shiga na tarar ta zazzage komai a kan tabarma, saɓar maciji, ƙayar beguwa, idon zakara, haƙorin yana tsakiya, ita kuma ta manne da bango ta rungume ƙanwata.

"Wa ya ba ki? Wa ya ba ki wannan?"

Na faɗi gaskiya, don ban ga wata hanya ba. Da Baba ya dawo cin abinci ta tare shi tun daga bakin ƙofa.

"Ga abin da kyautarka ta jawo. Wata guda ana ajiye wa 'yarka kaya a kan dutse a bakin ruwa tana kwasowa. Har da haƙorin mutum, Malam! Wa ke ba yaro haƙori in ba mai son kurwarsa ba? Ni yanzu zan zuba musu kananzir."

Baba ya tsuguna ya daɗe yana kallon kayan, bai taɓa ba. Na ga fuskarsa ta canja, abin da ban saba gani ba.

"Kada ki ƙona tukuna," ya ce. "Hannu ne ya ɗaure waɗannan ƙulle-ƙullen. Ina so in ga mai hannun." Ya juyo gare ni. "Kullum da rana kike zuwa?"

"E, Baba."

"To shi da safe yake zuwa ke nan."

Ranar Asabar bai buɗe tebur ba. Ya mayar da kayan cikin durowar, ya sa a jakarsa, ya kama hannuna. Inna ta tofe ni da addu'a tun daga kai har ƙafa, ta ce in wani abu ya same ni ba za ta yafe ba. Rana ta ɗan ɗago muka isa. Muka zauna cikin gamba, raɓa tana jiƙa mana kaya, daga inda muke muna hango dutsen. Ba komai a kansa. Baba yana jan carbi ba sauti. Na ji shi ma ya lura da shirun, don sau biyu yana sa yatsa a kunne yana girgizawa.

Hantsi ya yi sosai kafin ciyawar ɗaya gefen ta motsa. Malafa ce ta fara fitowa. Baba mai lambu ne.

Ya zo gaban dutsen ya cire malafar, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya shafa dutsen da tafin hannu kamar mai share wa baƙo wurin zama. Sai ya fara magana da yarensu. Ba mu ji ko kalma ɗaya ba, amma kowa ya san muryar da ake yi wa yaro magana da ita. Yana tambaya, yana dakatawa kamar mai jiran amsa, yana 'yar dariya. Mutumin da ban taɓa jin ya haɗa kalma uku ba. Daga cikin malafar ya zaro takarda a ninke, ya buɗe, ya kalla. Zanena ne na fuskar tururuwa. Ya mayar, ya ciro sabon ƙulli daga aljihu ya ajiye. Sannan ya miƙe ya juya wa dutsen baya, ya rufe ido, ya tsaya haka kamar mai wasan ɓuya.

Na ja rigar Baba, na raɗa masa mu tafi. Ya girgiza kai. Ya miƙe tsaye ya yi gyaran murya.

"Sannu da aiki, Baba."

Tsohon ya zabura. Ya dubi Baba, sannan ya dube ni, karo na farko da idonsa ya sauka a fuskata. Bakinsa ya buɗe. Ya yi taku ɗaya zuwa gare ni, hannunsa a miƙe, sai ya tsaya.

"Yarinyar alayyafo," ya ce a hankali.

"'Yata ce," in ji Baba. "Ni ne mai gyaran agogo na bakin titi. Mun zo da kayanka ne, Baba. Ita ke ɗauka, ita ke ajiye maka. Ba ta san na wane ne ba. Ka yi haƙuri."

Tsohon ya zauna a ƙasa, a cikin laka, bai ko duba ba. Da ya fara magana, rafin yake kallo.

Yana da 'ya, in ji shi, guda ɗaya. Shekararta tara. Ita ma haka take, ba ta wuce ƙwaro ba ta tsaya ba. Wata damina, shekaru da yawa baya, ta ce za ta tsinto katantanwa, ruwa ya taho daga saman rafin, ba a yi shi a nan ba. A kan wannan dutsen aka sami kwandonta. Ita ba a same ta ba, har ƙasa da gada an nema. Uwarta ta koma ƙauye, ta ce ba za ta iya shan ruwan garin nan ba. Shi ya kasa tafiya. Tun daga lokacin duk abin da ya tsinta a lambu wanda ya san za ta so, sai ya kawo ya ajiye.

"Shekara da shekaru, Malam. Rana ta busar, ruwa ya wanke, in zo in share in sa wani. Fasto ya ce in daina, na ce to, ban daina ba. Sai bana na zo na ga an ɗauka. An ɗauka, an ajiye mini wani." Ya taɓa malafarsa. "Ita ma tana zane. Ban taɓa laɓewa in gani ba. Na ce in na kalla za ta daina zuwa."

"Haƙorin fa?" in ji Baba.

"Nata ne. Yana cikin Littafina Mai Tsarki tun ranar da ya faɗi. Kwana biyar ba a ajiye mini komai ba, na ce ko ta yi fushi. Sai na ce, in ke ce, ga naki, ki ɗauka." Ya dube ni. "Aka ɗauka."

Na fashe da kuka. Ba tsoro ba ne wannan karon. Ji na yi kamar ni na sake tura ta ruwan.

"A'a, 'yata, a'a," ya ce. "Ke ba ki yi komai ba. Wata guda na yi ina cin abinci yana mini daɗi."

Baba ya shimfiɗa hankicinsa a kan dutsen ya fara jawo gidajen ashanar ɗaya-ɗaya. Tsohon ya karɓi haƙorin da hannu biyu ya sa a aljihun ƙirji. Sauran yana taɓawa yana faɗin inda ya samo su. Ƙayar beguwa wani ɗan garinsu ya kawo masa. Saɓar macijin a cikin kuɓewa ya tsinta. Gashin tsuntsun a bakin ruwa. Ya ce duk in riƙe, ya ba ni. Har Baba ya jawo gidan da idon zakara yake.

Hannun tsohon ya tsaya a sama.

"Wannan daga ina?"

"A nan na samu," na ce. "Ranar Larabar da aka yi babban ruwa."

"Ranar ban fito ba. Rafi ya shanye hanyar da nake bi." Ya sunkuya ya ƙura wa ɗaurin ido, bai taɓa ba. "Ni na ɗauka ma ke za ki ce kin yi. Ba ni na sa ba."

Na ji nauyin nan ya sauko a ƙeyata, na matsa na manne da Baba.

"Yara suna bi ta nan," in ji Baba. Muryarsa ta fi yadda ya saba ƙarfi. "Masu kiwo, masu tsintar itace. Kowa zai iya ajiyewa."

"E," tsohon ya ce. "Yara suna bi." Ya nuna ɗaurin da yatsa. "Haka take ɗaurinta. Na yi na yi in koya mata daidai, ba ta iya ba."

Baba ya ɗauko abin hannun da bakin hankici ya miƙa masa. "To ka riƙe, Baba. Ya fi dacewa da kai."

Tsohon ya mayar da hannayensa baya. "Ba ni aka ba wa ba, Malam."

A kan dutsen muka bar shi. Mu uku muka fito a jere ta cikin gamba, tsohon a gaba, ni a tsakiya, hannun Baba a kan kafaɗata yana tura ni. Ba wanda ya waiwaya.

Inna ta saurari labarin daga farko har ƙarshe ba ta katse ba. Ta goge ido da bakin mayafi wajen kwandon, amma wannan bai hana ta karɓo mini rubutu wajen malamin unguwa ba, na sha kwana bakwai. Aka daina aikena bayan layin dogo. Baba ban taɓa jin ya sake ta da maganar ba, sai dai ya yi kwanaki yana riƙe agogo a hannu bai buɗe ba.

Bayan mako biyu sai ga Baba mai lambu a bakin titi da damin alayyafo, ya ce a kai wa uwargida. Daga nan ya riƙa zuwa da la'asar ya zauna a bencin Baba. Ba su cika hira ba. Wani lokaci ya ce in ara masa gilashina, ya maƙala a ido ya duƙufa a kan ganye ko fiffiken fara, ya daɗe, ya ce, "Kai! Ashe haka suke." Shi ya koya mini yin keji da karan dawa, da yadda ake riƙe hawainiya ba a ji mata ciwo ba. Ranar Lahadi Inna takan zuba tuwo a kwano ta ce in kai masa bakin titi in ya taso daga coci, amma ban taɓa jin ta tambayi lafiyarsa da bakinta ba.

Kafin Kirsimeti ya zo ya ce zai koma gida. Matarsa ta aiko, kuma gwiwa ta ƙi. Ya sallama lambun ga wani. Ranar tafiyar muka raka shi inda motar garinsu ke lodi, da akwatinsa na ƙarfe da fartanya biyu a ɗaure. Ya riga ya hau sai ya leƙo ya kira ni, ya sa mini wani ɗan ƙunshi a hannu. Iri ne, baƙaƙe, masu faɗi kamar farce.

"Na duwatsun garinmu ne," ya ce. "Ki jira ruwan fari."

Na jira. Na shuka a gindin katangar bayan ɗakinmu, guda ɗaya ya fito. Ya yi yaɗo ya haye katangar ya kama rufin makewayi, ya yi fure fari da ke buɗewa da sassafe ya rufe kafin hantsi. Duk gidan ba wanda ya san sunansa, har matan da suka fito daga kudu na tambaya, kowa ta juya ganyen ta ce ba ta gane ba. Ya yi 'ya'ya dogaye masu gashi-gashi. Inna ta hana kowa ci, ta kuma hana kowa tugewa. In ta wanke shinkafa, can take zuwa ta zuba ruwan. Shekara huɗu muka ƙara a gidan kafin mu tashi zuwa Unguwar Sanusi, kuma ranar da muka kwashe kaya yana nan ya rufe rabin katangar.